Neman shawara kan aikin weta a Wuse 2

Mai tambaya, daga Mararaba:
Assalamu alaikum. An yi mini tayin aikin weta a wani gidan abinci da ke Wuse 2 a Abuja, daga ƙarfe biyu na rana zuwa sha ɗaya na dare, kwana shida a mako. Manajan ya faɗi albashi da baki, ya kuma ce akwai kason ma'aikata daga kuɗin hidima da ake ƙara wa kwastoma a rasit. Ina zaune ne a wurin gwaggota, kuma ban taɓa irin wannan aiki ba. Me ya kamata in tambaya kafin in amsa masa?

Tsohon weta, daga Kubwa:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Aikin halal ne kuma yana koyar da iya hulɗa da jama'a, amma kada ki shiga a kan maganar baki kawai. Dokar ƙwadago ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku da farawa, ke dai ki nemi naki tun ranar farko. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a shekarar 2024, sai dai dokar albashin ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka ki san yawan mutanen da ke aiki a gidan.

Batun kuɗin hidima shi ne inda aka fi cutar sababbin shiga. A rasit za ki ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wannan na gwamnati ne, ba ruwan ma'aikaci da shi. Kuɗin hidima daban yake, galibi kashi goma ne, kuma kowane gida da irin rabonsa: wani ya haɗa da masu girki da masu wanke-wanke, wani kuma ya fara cire kuɗin farantan da suka fashe kafin ya raba saura. Ki tambayi wanda ya jima yana aiki a wurin, ba manaja kaɗai ba, nawa ne yake shiga hannunsa a ƙarshen wata, kuma ko tukwicin da baƙo ya miƙa masa nasa ne ko a asusu ɗaya ake zubawa. Haka nan ki ji wa ke biya idan kwastoma ya ci ya fice bai biya ba.

Wata uwa, daga Nyanya:
'Yata, ni hanya ce ta fi damuna. Wanda ya tashi sha ɗaya ba zai bar wurin ba sai an goge tebura an rufe lissafi, kuma kin san matsalar motocin wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi, a hanyar shataletalen AYA zuwa Nyanya da Mararaba da daddare. Idan ba su da motar mayar da ma'aikata ko wurin kwana, ki roƙi a sa ki a aikin safe.

Malamin makaranta, daga Garki:
Ki tabbatar ko suna sayar da giya, domin hadisi ya haɗa mai ɗaukar ta da mai shan ta a cikin la'ana. Wasu gidajen suna ware sashen barasa da ma'aikatansa, wasu kuwa kowane weta ne ke kai duk abin da tebur ya nema, don haka ki fayyace wannan da manajan tun kafin a ba ki kayan aiki.