Kwana 7 a kan ruwa ba tsayawa, ku ba ni shawara don Allah

Assalamu alaikum ƴan uwa. Maigida ne ya yanko mana tikitin jirgin ruwa, Queen Mary 2, daga Southampton ta Ingila zuwa New York, kwana 7 cur a tekun Atlantika ba wani gari da za a tsaya, ni kuwa ko kwale-kwale ban taɓa shiga ba, mota ma in tafiya ta yi nisa amai nake. Tun da ya faɗa min gabana ke faɗuwa kuma ba na so in kashe masa gwiwa don ya daɗe yana tara kuɗin nan. Abin da ya fi damuna salla, ya zan gane alƙibla da lokaci? Sai abinci, sai kuma me mutum zai yi ta yi tsawon yini, ruwa gabas ruwa yamma?

Ƴar Zariya a Leeds: Wa alaikumussalam ƴar uwa, kwantar da hankalinki, mun yi wannan tafiyar ni da yayata. In da hali a canza muku ɗaki zuwa tsakiyar jirgi kuma a ƙasa-ƙasa, can ne ya fi rashin jijjiga, gaba da sama su suka fi wahal da mutum. Ki je kemis ki sayi maganin jiri na tafiya ki sha tun kafin a tashi, kar ki jira sai zuciya ta fara tashi. Ki riƙe citta, ni busasshiya na daka na tafi da ita ina zubawa a ruwan zafi. Kuma in kin ji jiri kar ki ƙule a ɗaki, fito waje ki kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Rana ta biyu ce ta ba ni wuya, ruwan da ke cikin kofi a kan tebur yana ta kai da komo ina kallonsa ina salati, ta uku kuwa na ware har na manta a ruwa nake.

Baban Yara: Hajiya batun salla da sauƙi. Tunda yamma kuka nufa, alƙibla tana wajen bayan jirgin, a farko ta ɗan karkata kudu maso gabas kamar yadda kuka saba a Ingila, in kun kusa Amurka ta koma arewa maso gabas. Talabijin ɗin ɗaki yana nuna taswira da inda jirgi ya dosa. Kar ki dogara da kamfas na waya, ƙarfen jirgi yana ruɗa shi. Matafiya ne ku, akwai ƙasaru, kuma in tsayuwa ta gagara saboda igiyar ruwa ki zauna. Amma ki ƙara tambayar malaminku.

Mai tambaya: Na gode Baba, Allah ya saka. To lokacin fa? Na ji wai agogo yana canzawa.

Baban Yara: Haka ne, tsakanin Ingila da New York awa 5 ne, to ana mayar da agogo baya da awa 1 a darare 5, kin ga kin samu ƙarin barci. Kullum ana kawo takardar shirye-shiryen gobe ɗaki, ki duba fitowar rana da faɗuwarta, da su za ki auna Asuba da Magariba. Da tsakar rana kyaftin yakan yi sanarwar inda aka kai.

Uwar Biyu: Ni waya zan ja miki kunne a kai. Da kun bar gaɓa ki kashe data gaba ɗaya, layin teku ta tauraron ɗan adam yake bi, ƙanina ya manta ya bar tasa a kunne kwana biyu kawai, kuɗin da aka caje shi har yau in an tuna sai ya girgiza kai. Intanet ɗin jirgi saya ake yi daban. Abinci kuma ku sanar da su tun yanzu cewa halal kuke ci, kar ku bari sai kun shiga, kuma ki riƙa tambaya ko an sa giya a miya ko kayan zaƙi, ba kunya a nan. Kifi da ganye ba sa yankewa. Ki ƙunsa yajinki, wallahi za ki gode min.

Ƴar Zariya a Leeds: Zaman banza kuwa babu shi sai in ke kika so. Akwai laburare babba, akwai laccoci, da la'asar ana shan shayi, hawa na 7 kuma ana zagaye jirgin da ƙafa, sai dai iska da sanyi, ki tafi da rigar sanyi mai kauri da fil na kama mayafi. Akwai daren da ake cin ado, leshi na sa na kafa ɗauri, shi ma maigidanki ki ce ya ɗauki babbar rigarsa.

Mai tambaya: Kai na gode ƙwarai, har na ji sanyi a raina. Ƴar Zariya ɗakin namu ba taga wai, shi ma matsala ne?

Ƴar Zariya a Leeds: Duhu ne ɗum ko da rana tsaka, ki saita ƙararrawa biyu saboda Asuba, kuma ki gyara agogon da hannunki kafin ki kwanta.