Shin da yawan mamata ake auna guguwa, ko da ƙasar da ta afka wa?

Malam Lawali: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Maganar da na yi jiya bayan sallar isha'i ina nan a kanta, ga ta kuma a rubuce domin wanda bai ji ba: manyan kafofin watsa labarai na duniya suna duba ƙasar da guguwa ta afka wa kafin su duba yawan rayukan da ta ɗauka. A watan Agustan 2017 guguwar Harvey ta faɗa wa birnin Houston na Amurka, mutane kusan 100 suka rasu, aka yi kwanaki ba abin da ake gani a talabijin sai kwale-kwale a kan titunan Texas. A ranar 14 ga wannan watan ne ƙasa ta zaftare a Freetown ta Saliyo, mutane sama da 1,000 suka mutu ko suka ɓace, kuma a damanar wannan shekarar ambaliya ta kashe fiye da 1,200 a Indiya da Nepal da Bangaladash. Wanda ya tuna da waɗannan biyun ba tare da ya bincika ba, ya faɗa mini.

Abdul-Aziz: Wa alaikumus salam Malam. Alƙalumanku daidai ne, hukuncinku ne nake ganin ya yi tsauri, kuma ina magana a matsayina na wanda ke aiki a gidan rediyo. Tashar da Amurkawa suka kafa da kuɗinsu dole ta fara da gidan mai sauraronta, kamar yadda mu ma muke fara labaru da Gulbin Maradi kafin mu leƙa Kogin Kwara. Sannan akwai maganar isa wurin. Da guguwar Idai ta sauka kusa da birnin Beira na Mozambik a daren 14 ga Maris 2019, ta yanke wuta da layukan waya da hanyoyin mota, har aka yi kwanaki kafin a san girman ɓarnar, wadda daga baya ta haura rai 1,000 a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi. Kuma a ranar 15 ga wata ne aka kai hari masallatai biyu a Christchurch ta New Zealand, aka kashe musulmi 51. Mu faɗi gaskiya, a majalisunmu na nan garin wanne aka yi ta tattaunawa a makon?

Hajiya Balki: Ɗana Abdul-Aziz, tambayarka ta kama ni, domin ni ma Christchurch na yi wa kuka. Amma uzurin nisa da rashin hanya ba ya rufe komai. Wata guda bayan Idai, ranar 15 ga Afrilu, majami'ar Notre-Dame ta Paris ta kama da wuta, ba wanda ya mutu, amma cikin 'yan kwanaki aka yi alƙawarin kuɗin da ya kusa Yuro biliyan 1, alhali mutanen Beira na kwana a makarantu ga cutar kwalara ta ɓarke. Ka kuma dubi Puerto Rico, wadda yankin Amurka ce: bayan guguwar Maria ta Satumban 2017 hukuma ta tsaya a kan cewa mutane 64 suka rasu, sai bayan kusan shekara guda, da Jami'ar George Washington ta yi bincike, aka mayar da adadin 2,975. A ƙarƙashin tuta ɗaya ma ashe akwai wanda ake ƙirgawa da sauri, akwai wanda sai an jira.

Malam Isa: Ku ba ni dama in shigo da abin da nake koyarwa a aji, domin akwai wani ɓangare da ba son zuciya ya kawo shi ba. Da yawa daga cikin manyan guguwar Tekun Atlantika daga sararinmu suke farawa. Hadarin da ke taso mana daga gabas a damana yana tafiya ne cikin wani kaɗawar iska da ke ratsa Sahel zuwa yamma, ya fita teku ta wajen Senegal da tsibiran Cabo Verde, idan ya tarar da ruwan teku mai ɗumi sai ya fara juyawa yana ƙara ƙarfi. Daga nan cibiyar sa ido kan guguwa da ke Miami ta Amurka take bin sa da tauraron ɗan'adam, ta ba shi suna daga jerin da Hukumar Yanayi ta Duniya ta amince da shi, har a tura jiragen sama su shiga cikinsa su auna. Ɗan jarida yana samun kwanaki yana ba da labarin abu mai suna da taswira da ranar isowa. Ruwan da ya sauka a nan Maradi a ƙarshen Agustan 2024, wanda ya kashe aƙalla mutane 15 cikin sa'o'i kaɗan, ba shi da suna, kuma ba wanda ya bi sawunsa tun daga nesa. A damanar 2024 Nijar ta rasa sama da mutane 300, jiharmu ce ta fi yawan mamata, tsohon masallacin Damagaram ya rushe, amma duk a ƙarƙashin kalma ɗaya aka tara su: ambaliya.

Malam Lawali: Malam Isa, na ƙaru da bayanin iskar, sai dai hujjar suna tana da ɓaraka. Guguwar Freddy tana da suna. Ta yi kwanaki 36 a 2023, abin da Hukumar Yanayi ta Duniya ta tabbatar ba a taɓa rubuta irinsa ba, ta taso daga kusa da Ostareliya ta ketare Tekun Indiya gaba ɗaya, ta bugi Madagaska, ta sauka Mozambik sau biyu, ta kashe sama da mutane 1,000 a kudancin Malawi. Cibiyar sa ido kan guguwa da ke tsibirin Réunion ta bi ta rana bayan rana, taswira ba ta yi ƙaranci ba. Haka guguwar Chido a Disamban 2024: da ta rugurguza Mayotte, wadda ke hannun Faransa, shugaba Macron ya je da kansa, aka yi ranar makoki ta ƙasa, amma da guguwar nan ɗaya ta ƙarasa arewacin Mozambik ta kashe sama da 100, sai labarin ya zama ɗan ƙari a ƙarshen rahoto.

Alhaji Mamman: Ni ɗan kasuwa ne, da lissafi nake ganin abin. An ƙiyasta ɓarnar Harvey a dala biliyan 125, kuma ta tsayar da matatun mai na gaɓar Texas, wanda ya taɓa farashin fetur, don haka kamfanonin inshora da masu hannun jari suna da dalilin zuba ido. Ɗakin laka da rumbun hatsi da awaki goma, waɗanda su ne dukan abin da manomin Madarunfa ya mallaka, ba su cikin littafin kowane kamfani, idan ruwa ya tafi da su ba wata kasuwa da za ta motsa.

Abdul-Aziz: Alhaji, wannan na yarda da shi, kuma Hajiya ta kayar da ni a kan Puerto Rico. Abin da ban yarda ba shi ne a ɗora laifin duka a kan baƙi. Lokacin da guguwar Nargis ta kashe kimanin mutane 138,000 a Myanmar a Mayun 2008, gwamnatin sojan ƙasar ce ta yi ta jan ƙafa wajen barin masu agaji da 'yan jarida su shiga. Sannan Malam Lawali, ku da kanku daga ina kuka samo adadin Freetown da na Malawi, in ba daga waɗannan kafofin da hukumomin ba? Na tuna a makon Freddy, a namu gidan rediyon layi biyu muka karanta, su ma daga rahoton wasu muka fassara, domin ba mu da wakili ko a Yamai balle Blantyre ta Malawi.

Malam Lawali: Daga gare su na samo, ban musa ba, amma sai da na tona, shi kuwa Harvey har cikin ɗakina ya same ni ban neme shi ba. Ban janye maganata ba. Abin da na ƙara a kanta, albarkacin ɗanmu Abdul-Aziz, shi ne mu ma da ma'aunin nan muke awo.

Hajiya Balki: To Abdul-Aziz, tunda Blantyre ta yi maka nisa, ga wadda ba ta yi ba. Mutanen da ruwa ya ci a garin nan a ƙarshen Agustan 2024, biyu daga cikinsu a layinmu suke, uwa da ɗiyarta. Akwai shirin da kuka taɓa yi wanda aka karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ko kuka koma unguwannin bayan shekara kuka ga inda iyalansu suke kwana?

Abdul-Aziz: Babu, Hajiya. Adadin da gwamna ya bayar muka karanta, muka wuce zuwa labarin wasanni.