Sulhun Paris na 1763: me ya sa Ingila ta mayar da wuraren da ta ci da yaƙi?

Mai_Neman_Sani:

Assalamu alaikum malamai. A Yaƙin Shekara Bakwai, 1756 zuwa 1763, Ingila ta ƙwace Kanada da Guadeloupe da Martinique daga hannun Faransa, ta kama Gore da Saint-Louis a gaɓar Senegal, ta kuma ci Havana da Manila daga hannun Sifen. Amma da aka zo sulhu sai ta mayar da da yawa daga cikinsu. Wanda ya yi nasara, me zai sa ya mayar? Kuma a aikace yaya ake irin wannan ciniki, wa ke zama da wa, da me ake auna tsibiri da tsibiri?

Malam_Na_Tsangaya:

Wa alaikumus salam. Abin da za ka fara riƙewa shi ne, a wancan zamanin cin gari da yaƙi bai mai da shi naka ba sai an rubuta a yarjejeniya. Kafin nan jingina ce kawai a hannunka. Kuma Ingila ma akwai kayanta a hannun abokan gaba: Faransa ta ƙwace mata tsibirin Minorca da ke Bahar Rum tun 1756, sojojinta na zaune a wasu yankunan Jamus kusa da Hanover, ƙasar gadon Sarki George na Ingila, a 1762 kuma Sifen ta kutsa Fotugal, ƙawar Ingila. Duk waɗannan sai an fanshe su da wani abu.

Ana fara ciniki ne da zaɓen tushe, kuma tushen iri biyu ne. Ko dai kowa ya koma inda yake kafin yaƙi, kamar yadda aka yi a Aix-la-Chapelle a 1748 inda Ingila ta mayar wa Faransa da Louisbourg a Kanada aka mayar mata da Madras a Indiya, ko kuma kowa ya riƙe abin da ke hannunsa, sannan a yi musaya ɗaya bayan ɗaya. A 1761 ministan Faransa Choiseul ya kawo tayin na biyun. Matsalar ita ce, abin da ke hannunka a wace rana? Ya ba da ranaku uku: 1 ga Mayu a Turai, 1 ga Yuli a Afirka da tsibiran Karibiyan, 1 ga Satumba a Indiya. William Pitt, ministan Ingila mai jagorantar yaƙin, ya yi ta jan ƙafa kan ranakun, domin rundunarsa na kan kama Belle-Île a gaɓar Faransa, ta kuwa faɗi a watan Yuni. Da shi aka fanshi Minorca daga baya.

Zaman 1761 ya watse. Wakilin Ingila Hans Stanley ya je Paris, wakilin Faransa Bussy ya zo Landan, amma Pitt ya ƙi yarda Faransa ta ci gaba da kamun kifi yadda take so a Newfoundland da ke gabashin Kanada, shi kuma Choiseul ya cusa koke-koken Sifen cikin maganar, alhali yana ƙulla ƙawance da ita, wanda aka sa wa hannu 15 ga Agusta 1761. Pitt ya nemi a auka wa Sifen nan take, sauran ministoci suka ƙi, ya ajiye aiki a watan Oktoba. A Janairun 1762 aka shiga yaƙin da Sifen ɗin duk da haka.

Zagaye na biyu ta bayan fage aka fara shi. Jakadun Sardiniya biyu, Viry a Landan da Solar a Paris, su ke kai wasiƙu tsakanin ministan Ingila Lord Bute da Choiseul, don in magana ta lalace kowa ya ce bai san da ita ba. Sai da aka daidaita manyan batutuwa sannan aka yi musayar wakilai a fili a Satumbar 1762: Duke na Bedford ya tafi Faransa, Duke na Nivernais ya zo Landan. Aka sa hannu kan sharuɗɗan share fage a Fontainebleau ran 3 ga Nuwamba 1762, cikakkiyar yarjejeniya kuma a Paris ran 10 ga Fabrairu 1763, Bedford a madadin Ingila, Praslin a madadin Faransa, Grimaldi a madadin Sifen. Bayan nan sai kowane sarki ya amince a rubuce, a yi musayar takardun, daga ranar ce ake fara ƙirga wa'adin miƙa wurare.

Hajiya_Bincike:

Malam ya shimfiɗa tsarin. Bari in ƙara kan abin da ya fi wahalar da masu sulhun, wato nisa. Labari da jirgin ruwa yake tafiya, don haka ana ciniki ne kan taswirar da ta riga ta tsufa.

Havana ta faɗi a Agustan 1762, labarin bai iso Landan ba sai ƙarshen Satumba, lokacin Bedford na can yana gab da kammalawa. Bute ya so a mayar da ita ba tare da dogon ciniki ba, amma wasu ministoci irin su George Grenville suka ce ba za ta saɓu ba, sai Sifen ta biya da wani yanki. Aka tsaya kan Florida. Faransa kuwa, don ta lallashi Sifen ta sa hannu, ta ba ta Louisiana ta yammacin kogin Mississippi haɗe da New Orleans a wata yarjejeniya ta sirri a wannan rana ta 3 ga Nuwamba. Manila ta faɗi a Oktoba, amma labarinta bai iso ba sai bayan an rufe magana. Akwai sharaɗin da ya ce duk wurin da aka ci wanda ba a ambace shi ba, a mayar da shi ba diyya. Haka Manila ta koma hannun Sifen a 1764 a banza, ragowar kuɗin fansar garin da aka yi wa Ingilishi alkawari kuma Madrid ta ƙi biya.

Saboda wannan nisan ne ake yanka wa'adi hawa-hawa. Jirgin da aka kama a matsayin ganima bayan kwana 12 a tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa, dole a sake shi. Daga nan zuwa tsibiran Canary mako shida ne, zuwa layin da ya raba duniya biyu wata uku, gaba da nan wata shida. Miƙa wurare ma haka: wata uku a Karibiyan da Afirka, wata shida a Indiya. Fursunonin yaƙi kuwa cikin mako shida, kowace ƙasa ta biya kuɗin ciyar da mutanenta da ɗayar ta kashe.

Game da awo, ba faɗin ƙasa ake dubawa ba, abin da wuri ke kawowa ake dubawa. Guadeloupe da Martinique sukari ne, wanda bayi 'yan Afirka ke nomawa, kuma kuɗin da ke fitowa daga nan ya fi na fatun Kanada nesa ba kusa ba. Shi ya sa Choiseul bai yi wani dogon jayayya kan Kanada ba, amma ya kafe kan tsibiran sukari da kifin Newfoundland, domin a jiragen kamun kifin nan ne Faransa ke samun matuƙan da za ta ɗiba idan yaƙi ya tashi. An bar mata ƙananan tsibirai biyu, Saint-Pierre da Miquelon, bisa sharaɗin ba ganuwa ba sansani, sai masu gadi 50 kawai. A Afirka ta Yamma aka raba: Ingila ta riƙe kogin Senegal da Saint-Louis da Podor da Galam saboda cinikin ƙaro, wanda masaƙun Turai ke buƙata wajen buga zane a yadi, Faransa ta karɓi Gore don kada ta rasa mashigar cinikin bayi. Ba a tambayi ko mutum ɗaya daga masu ƙasar ba.

Mai_Neman_Sani:

Na gode ƙwarai. To Hajiya, ke nan Ingila ta yi wauta da ta zaɓi Kanada ta bar Guadeloupe?

Baban_Zainab:

Ɗan'uwa, wannan gardamar tun a lokacin aka yi ta a Landan, har da ƙasidu aka yi ta bugawa. Masu gonakin rake na Jamaika da Barbados ba sa son Guadeloupe ta shigo, domin sukarinta zai karya musu farashi a kasuwar Ingila, kuma suna da baki a majalisa. Masu son Kanada suka ce ai kan iyakar Amurka ta Arewa yaƙin ya samo asali, in an bar Faransa a can gobe ma sai an sake. Pitt ya yi jawabin fiye da awa uku yana sukar sharuɗɗan a Disambar 1762, yana cewa an mayar wa Faransa hanyar sake gina rundunar ruwanta, amma majalisa ta amince da ƙuri'a 319 kan 65. Bashin ƙasar ya kusa ninkawa a yaƙin, sabon sarki George na Uku yana son a gama, Bedford kuma yana ganin in aka matse Faransa fiye da kima sauran Turai za su haɗe wa Ingila kai.

Ni a ganina ba zaɓin tsibiri ne ya fi jawo matsala ba, rubutun sharuɗɗan ne, kuma a nan ina ganin Malam ya yi saurin wucewa. A Utrecht a 1713 an ba Ingila yankin Acadia na gabashin Kanada da tsoffin iyakokinsa ba tare da an faɗi inda suke ba. A 1748 aka tura maganar ga kwamiti, kwamitin ya zauna a Paris daga 1750 bai tsinana komai ba har harbi ya tashi. A 1763 sun ɗauki darasi, suka ja layi a tsakiyar Mississippi, ya bi ta kogin Iberville da tafkunan Maurepas da Pontchartrain zuwa teku. Sai dai Iberville ɗin yawancin shekara ba ya ɗaukar jirgi, don haka duk da an rubuta 'yancin zirga-zirga a kogin, ainihin mafitar tana gaban New Orleans, wadda ba ta hannun Ingila.

Dubi Indiya kuma. A sharuɗɗan share fage an ce a mayar wa Faransa wuraren kasuwancinta yadda suke lokacin da rikicin kamfanonin kasuwancin Ingila da na Faransa ya fara a 1749. Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ya yi ƙorafi, domin a cikin wannan shekarar ce Dupleix, gwamnan Faransa a Indiya, ya samu ƙarin yankuna. Bedford ya matsa aka mai da shi farkon shekarar 1749, aka kuma hana Faransa gina ganuwa ko ajiye soja a Bengal. Amma a wannan sashen dai aka amince da Salabat Jang a matsayin mai mulkin Deccan a kudancin Indiya, alhali ɗan'uwansa Nizam Ali ya riga ya tumɓuke shi tun 1762.

A Kanada an ba mazauna wata 18 su sayar da kadarorinsu ga talakawan Sarkin Ingila su tafi in suna so, an kuma yarda su yi addininsu na Katolika gwargwadon yadda dokokin Birtaniya suka yarda. Dokokin kuwa a lokacin sun hana ɗan Katolika riƙe muƙami, sai a 1774 aka warware da Dokar Quebec.

Malam_Na_Tsangaya:

Gaskiya ne, Baban Zainab, na karɓi gyara. A ƙara da waɗanda ba su zauna a teburin ba. Sarki Frederick na Prussia ƙawan Ingila ne, amma Bute ya yanke tallafin fam 670,000 da ake ba shi duk shekara, kuma yarjejeniyar ta ce Faransa ta fice daga yankunansa na Cleves da Wesel da Guelders ba tare da ta ce a miƙa wa Frederick ba. Shi ya yi nasa sulhun daban da Ostiriya da Saxony a Hubertusburg ran 15 ga Fabrairu 1763, kuma ya daɗe yana riƙe da Ingila a zuci.

'Yan asalin Amurka da ke yankin Ohio da manyan tafkuna sun ji an ba da ƙasarsu alhali ba a ci su da yaƙi ba. A watan Mayun 1763 wani shugabansu, Pontiac, ya kewaye sansanin Detroit, ƙananan sansanonin Ingila da dama suka faɗi, abin da ya hanzarta sanarwar sarki ta 7 ga Oktoba da ta hana Turawa 'yan kama-wuri-zauna ƙetare duwatsun Appalachia. Faransawan Louisiana su ma sai a 1764 aka sanar da su an ba da su ga Sifen, a 1768 suka kori gwamnan da aka turo musu, Ulloa, sai da janar ɗin Sifen O'Reilly ya zo da runduna a 1769. Saint-Louis ɗin da Mai_Neman_Sani ya ambata kuwa, Faransa ta sake kama shi a 1779, aka tabbatar mata da shi a sulhun 1783.