Na samu bak, Baba ya ce ban da shiga ƙungiya a jami'a. Ku me kuka gani?

Ɗan Magarya:

Assalamu alaikum yayyena. Bana Allah ya ba ni bak, wato jarrabawar gama sakandare, na kuma ajiye takarduna a jami'ar André Salifou ta nan Damagaram, sashen jeyogarafi. Wurin kawuna zan zauna a Garin Malam, har ya ce zai bar mini tsohon kekensa.

Ga abin da ya kawo ni. Daren da sakamako ya fito, Baba ya kira ni zaure bayan isha'i, ya ce sharaɗi biyu gare shi: kada in yi wasa da salla, kada in shiga kowace ƙungiya. Shi dai abin da ya sani game da ɗalibai shi ne ƙona taya a bakin titi da hayaƙin barkonon tsohuwa. Ƙanensa yana karatu a Yamai lokacin da aka harbi ɗalibai a gadar Kennedy, ranar 9 ga Fabrairu 1990, sai da suka kwana uku ba su ji ko yana raye ba. Har yau in ya tuna sai muryarsa ta canza.

To amma ni ina da ido. A layinmu akwai wani yaya da ya gama lisans shekara uku ke nan, bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, daga aji sai ɗaki, yanzu man fetur yake sayarwa a kwalba. Akwai kuma wani da ake yi wa dariya ana cewa yawon taro ya je yi ba karatu ba, shi ne yanzu ake saukewa a farar mota ƙofar gidansu. Ban ce ƙungiya ce ta yi masa ba, ban sani ba, shi ya sa nake tambaya. Waɗanne ƙungiyoyi ne akwai, wace ce ke da amfani ga mai neman aiki daga baya, kuma yaya zan yi da maganar Baba?

Tsohon Ma'aji:

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da arziki. Sashenku na yi, don haka zauna ka ji.

Ni ba da niyya na shiga ba. Satina na biyu wani ɗan garinmu ya ce ɗaliban Matamai suna tarbar sababbi, kuma an dafa shinkafa. Shinkafar na bi. Kusan kowane yanki yana da irin wannan ƙungiya ta ƴan gari ɗaya: ƴan Mirya, ƴan Tanut, ƴan Gure, ku ma ƴan Magarya ba za a rasa taku ba. Su ke nuna wa baƙo inda ake biyan kuɗin rajista, su ba shi tsofaffin takardun darasi, in ya kwanta ciwo su kai shi likita su buga wa gida waya.

Da shekara ta zagayo aka zo zaɓe. Shugaba mutum biyar suka nema, ma'aji kuwa kowa ya sunkuyar da kai. Wani ya nuna ni ya ce wannan ba ya shan shayi a fada, ba zai ci kuɗi ba. Aka tafa, aka miƙo mini wani kaye mai koren bango da ledar ƴan canji. Dala ɗari kowane wata kan kowane ɗalibi. Muna sittin da wani abu a rubuce, masu biya ba tare da an bi su ɗaki ba ba su kai ashirin ba. Nan na koyi bin bashi ba tare da an ɓata ba, abin da babu malamin da ya koya mini.

Na kuma yi wauta, gara in faɗa maka. Wani abokina ya zo da dare ya ce mahaifiyarsa na kwance, in ara masa jikka goma sha biyar daga asusu, ƙarshen wata zai maido. Ban rubuta ba, ban gaya wa kowa ba. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, ranar lissafi ta matso, shi kuwa in ya hango ni sai ya sake hanya. Wayata na kai Kasuwar Dole na sayar na cika gurbin. Wata huɗu ina aron wayar mutane in kira gida. Tun daga ranar ko dala biyar ta fita sai mutum biyu sun sa hannu a kayen nan.

Abin da ya fi yi mini rana shi ne darasin hutu. Muka shirya mu koma gida da damina mu koyar da yara masu shirin jarrabawar birbe kyauta. Ana bukatar aji, allo da alli, sai an rubuta wa magajin gari da kuma mai kula da makarantu. Sakatarenmu ya tafi gona, aikin ya faɗo kaina. Na rubuta takarda shafi biyu cike da manyan kalmomin Faransanci, na kai ina taƙama. Wata dattijuwa da ke karɓar wasiƙu a ofishin ta sa tabarau, ta ɗauki jan biro, ta ce ɗana ina dalilin wasiƙar, ina kwanan wata, aji nawa kuke so, daga yaushe zuwa yaushe, wa za a kama in benci ya karye? Sau uku tana maido ni. Ta huɗu layi tara ce kacal, a ranar aka sa hannu. Allah ya saka wa matar nan, da hannunta nake rubuta wasiƙa har gobe.

Bayan na gama lisans na yi wata bakwai a zaune. Sai wata ƙungiya mai zaman kanta ta nemi matasan da za su shiga ƙauyuka su ƙirga rijiyoyi da famfuna, na kwana ashirin. Mun fi ɗari da muka kai takardu, kusan kowa da lisans ɗinsa. Da aka kira ni ciki, mutumin ya tsallake difilom ya sa yatsa kan layin da na rubuta ma'aji na shekara biyu. Ya ce ka taɓa riƙe kuɗin mutane? Na ciro koren kayen daga jaka, don na zo da shi. Ya buɗe shafi shafi yana murmushi. Shugaban ayari na mutum huɗu aka ba ni, ni ke riƙe kuɗin mai da na abinci. Can na koyi KoboCollect, manhajar da ake cika tambayoyi a waya ko tabilet a ɗauki wurin da GPS. Daga kwana ashirin aka koma wata uku, yau ina shekara ta huɗu da su.

Saboda haka kada ka tsaya tambayar wace ƙungiya ce mai suna. Duba wadda za a ɗora maka aiki a ka. Wanda ya shekara uku yana zama a bencin baya yana tafi, da wanda bai shiga ba, duk ɗaya ne ranar neman aiki. Kuma ka koyi QGIS, manhajar zana taswira, tun shekarar farko, kyauta ake sauke shi, ɗan jeyogarafi da bai iya zana taswira a kwamfuta ba ya yi rabin karatu. In kana jin Barbarci ko Fillanci ka rubuta a takardarka, a aikin ƙauye ana nemansu.

Kamarad na Zango:

Yaya Ma'aji ya yi magana mai kyau amma ya kewaye wadda Baba yake nufi. Baba ba ƙungiyar shinkafa yake tsoro ba, USN yake nufi, babbar ƙungiyar ɗaliban Nijar. To ƙane, ita wannan tun 1960 take, ta girmi yawancin malamanka, kuma ko ka je taro ko ba ka je ba da sunanka ake magana, don duk ɗalibin Nijar nata ne. Kuɗin bursu, gadon kwana, tikitin abinci, motar ɗalibai, in ka ga ana zama da hukuma a kansu, wakilanta ne ke zaune.

Ka gaya wa Baba cikin ladabi cewa ɗalibai ukun da suka rasu a gadar nan ba a banza suka tafi ba. Abin da ya biyo baya shi ne babban taron ƙasa na 1991 da ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, kuma wanda ya shugabanci taron shi ne Farfesa André Salifou, ɗan Damagaram, masanin tarihi, wanda sunansa ke kan ƙofar da za ka riƙa shiga kowace safiya.

Ni a babban taron ɗalibai na koyi tsayuwa gaban mutum ɗari biyar in yi magana ƙafata ba ta rawa. Ranar farko da na karɓi makirfo aka yi mini ihu na zauna ban gama jimla biyu ba. Yanzu aji nake koyarwa mai yara tamanin, ko a jikina. Gaskiya ɗaya dai zan yarda da ita: kada ka nemi muƙami a shekarar farko. Na ga waɗanda taro ya cinye, suka maimaita aji har aka gaji da su. Ka je ka saurara, ka san abin da ake yankewa da sunanka, ranar da aka fita titi kuma kai ka san alkawarin da ke tsakaninka da mahaifinka.

Yaya Likita:

Ƙanena, ni ɓangaren lafiya nake, lokacinmu kaɗan ne, biyu kawai na iya riƙewa. Ɗaya ƙungiyar ɗalibai Musulmi, AEMN, wadda nake jin ko Baba ba zai ƙi ba. Ban da karatu da wa'azi, tsofaffin ɗalibai kan yi wa sababbi bitar darasi kafin jarrabawa, kuma da su na fara zuwa ba da jini. Ta biyu kulob ɗin Ingilishi, ranar Asabar da la'asar a ƙarƙashin bishiya, ana ta kwaɓa Turanci ana yi wa juna dariya. Kada ka raina shi. Tun 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, ga Kano kusa da mu, kai ma ɗan Magarya ka fi ni sanin kusancin iyaka. Wanda ya iya ukun nan ya fi mai biyu.

Abin da zan ja kunnenka a kai: masu zuwa da sanarwar horo na kwana biyu, ka biya jikka biyar a ba ka takardar shaida mai zinariya a gefe. Na biya sau biyu. Mun zauna an karanta mana abin da ke allo, aka ɗauki hoto, aka watse. Suna nan cikin akwati, ba wanda ya taɓa tambayata su. Haka kuma ƙungiyoyin da ke tsirowa in siyasa ta motsa, a raba riga da kuɗin kabu-kabu, bayan wata biyu ko lambar shugaban ba ta shiga.

Mai Jiran Rabo:

Ku daina ruɗin yaro. Ni na yi kulob uku, na yi bautar ƙasa shekara biyu ina koyarwa a ƙauye, ina da katin ANPE, hukumar samar da aikin yi, har ya kode a aljihu. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 kowane ɗan Damagaram ke mafarkin shiga, mutum nawa wuri ɗaya zai ɗauka? Ƙasar nan in ba ka da kawu a sama, ka haƙura kawai.

Tsohon Ma'aji:

Ɗan'uwa, Allah ya kawo naka, ban musa maka ba, akwai masu shiga ta taga kuma mun san su. Amma ni ɗan manomi ne, kawuna mafi girman muƙami mai gadin makaranta ne. Wanda ya turo mini sanarwar aikin rijiyoyin nan tsohon shugaban ƙungiyarmu ne, ya riga ni fita da shekara biyu, ya tuna ranar da na sayar da wayata don kada lissafi ya karye. Ban san ya sani ba sai daga baya. In ana maganar kawu, nawa a can na samo shi.

Kuma ƙane, bautar ƙasa da ya ambata kada ka ɗauke ta zaman jira. Yawanci aji ake tura mutum, wanda ya taɓa darasin hutu ba ya jin tsoron alli.

Ɗan Magarya:

Na gode yayyena, Allah ya bar zumunci. Ban iya tunkarar Baba da kaina ba, sai na karanta wa kawu amsoshinku, shi ya je ya same shi ranar Juma'a bayan an sauko. Ya ce Baba ya yi shiru ya daɗe, sannan ya tambayi ko su wane ne a ƙungiyar ƴan Magarya. Da kawu ya lissafa masa uku, ya ce ai ya san iyayensu duka, ɗaya ma tare suke zuwa kasuwar dabbobi da ubansa. Ya yarda da ita, ya yarda da ta masallaci. Ta Kamarad kuwa ya ce ko sunanta kada a sake kawo masa, ka yi haƙuri yaya.

Sai dai ya ƙara sharaɗi na uku da kawu ya ba shi labarin wayar nan: wai ko an tafa mini kada in karɓi jakar kuɗi. Yaya Ma'aji, sakatare fa? Shi ma ana ɗora masa aikin da zai shiga takarda, ko sai mai riƙe kaye? Kuma QGIS ɗin nan yana tafiya a tsohuwar kwamfuta? Ta ɗan kawu ce, batirinta ya mutu, sai an jona ta da wuta take kamawa.