Magunan da yara ke kawo mini shago

Mai Shago: Salamu alaikum jama'a. Kun dai san ɗan shagona na abincin kaji da tattabaru. Tun da na fara ajiye kwanon ruwa a bakin ƙofa, duk ɗan magen da yaran unguwa suka tsinta a kwata ko a kango sai su kawo mini. Yanzu bakwai ne a bayan shago. So nake in tsara abin, masu saye su riƙa tallafawa, mai so kuma ya ɗauka ya riƙe. Ta ina zan fara?

Baba Mai Tattabara: Wa alaikumus salam. Allah ya ba da lada, 'yata. Ki dai fara raba musu ƙofa da tsuntsayen, mage da tattabara ba sa kwana ɗaki ɗaya.

Anti Malama: Ƙanwata, saurare ni da kyau, don na ɗanɗana. Bara na tsinci 'yan mage uku a bayan makarantarmu, tausayi ya kama ni, na haɗa su da nawa biyu a daren. Ashe ɗaya na da mura, ido duk kwantsa. Kafin mako ya zagayo duk biyar ɗin atishawa suke, sun daina ci. Sai na yi abin da har yau yake ci mini rai: na ɓantari farasitamol na ba ƙaramar. Washegari fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, numfashi sama-sama, kafin magariba ta mutu a hannuna. Likitan dabbobi ya ce hantar mage ba ta iya sarrafa maganin, ko kaɗan ne guba ne gare ta. Madarar shanun da nake ba su ma ita ke sa su gudawa. Don Allah duk sabon da aka kawo, ki keɓe shi a keji na mako 2, kwanonsa daban, ki wanke hannu kafin ki taɓa sauran. Kuma kar ki miƙa wa yaro mage sai kin ji daga bakin uwarsa. Wanda na bayar haka, a bola na sake ganin sa.

Uwargida: Allah sarki. Allah ya yafe mana, Anti.

Ɗan Samaru: Hajiya, in kin samu mai shigowa Zariya, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a ABU. Sannan ki riƙe 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. Ki nemi likitan dabbobi na yankinku a yi rigakafi a ƙofar shagonki. Allurar ma a Vom ake haɗa ta, jihar Filato. Masu karnuka za su zo, shago ya samu jama'a.

Alhaji Na Kwana: A'a fa. Maganar mage ake, kar a tara mana karnuka a bakin layi, ga masallaci kusa.

Ɗan Samaru: Ranka ya daɗe, ai mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa yana cikin Bukhari da Muslim. Kuma ciwon nan mage ma na ɗauka. In aka ciji yaro, wanki da sabulu na minti 15 sai asibiti.

Alhaji Na Kwana: Shayarwa daban, tarawa daban.

Uwargida: Ku bari mana. Mai Shago, ajiye gwangwanin asusu kan kanta, ki rubuta a allo abin da ya shigo da abin da aka kashe duk Juma'a. Mutane na sakin hannu in suna gani. Mijina ya ce a Istambul masu shaguna ne ke ciyar da magunan titi, kowa da kwanonsa a ƙofa.

Anti Malama: Kuɗin farko a kai magunan mata a yi musu aikin hana haihuwa. Cikinsu wata 2 ne da 'yan kwanaki, bakwai ɗin nan baɗi sun fi ƙarfinki.

Alhaji Na Kwana: Wannan kam sai an tambayi malamai.

Autar Gida: Anti Mai Shago, akwai ja a ciki? Umma ta amince.

Mai Shago: Akwai, amma ki ce Umma ta kira ni da kanta.

Baba Mai Tattabara: 'Yata, nawa mudun dawa yau? A ajiye mini uku, bayan la'asar zan aiko jikana.