Jan McLaren MP4/4: na hoto zan bi ko na gwangwani?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu haɗa ƙananan motoci. Don Allah wanda ya taɓa fesa jan nan mai ɗaukar ido ya zo ya fitar da ni daga duhu.

Motar da ke kan teburina McLaren MP4/4 ce ta kamfanin Tamiya, awon 1/20, wato in an gama haɗa ta tsawonta kimanin santimita 22 ne. Ƙaramin samfuri ce ta motar tseren Formula 1 wadda Ayrton Senna da Alain Prost suka tuƙa a 1988, suka cinye tsere 15 cikin 16 na shekarar. A tseren Monza na Italiya kaɗai nasara ta kuɓuce musu, Gerhard Berger ya ci wa Ferrari. Lamba 12 zan saka mata, ta Senna, domin saboda shi na nemi wannan kwali tun farko. Injin Honda na gama shi, tayoyi da kujera duk sun zauna. Gangar jiki ce ta rage, kuma a nan na tsaya cak.

Na samu gwangwanin fentin feshi biyu na Tamiya ta hannun wani ɗan kasuwa da ke shigo da kaya ta ruwa, tunda ba a yarda a ɗauko irin wannan gwangwani a jirgin sama ba: TS-26 fari, da TS-36, jan da na ga masu haɗa wannan mota suna ambata. Na fesa TS-36 ɗin kaɗan a jikin ragowar robar da ake ɓalle sassa daga ciki, sai ga wani launi tsakanin ruwan lemo da ruwan hoda, yana kashe ido. Ni kuwa duk bidiyon tseren 1988 da na kalla, motar ja ce jawur. Na buɗe hotuna a waya, wani ja mai duhu, wani ja mai haske, wani kuma ya karkata ruwan lemo. Mota ɗaya, shekara ɗaya.

Gwangwanin jan nan shi ke nan gare ni, in ya ƙare ban san ranar samun wani ba. Shin in rufe ido in fesa shi haka, ko in kai hoton wurin masu haɗa fentin mota su haɗa min ja na sosai?

Bazazzagi:

Wa alaikumus salam. Malam, gwangwaninka bai yi maka ƙarya ba, hotunan ne suka gaza.

Tun 1974 da kamfanin taba na Marlboro ya fara ɗaukar nauyin McLaren har zuwa 1996, motocinsu fari da ja ne. To amma jan da ke jikin motocin zamanin su Senna ba irin na kwalin taba ba ne. Fenti ne mai ƙyallin ido, dangin wanda ake yi wa rigar masu aikin titi. Sirrinsa shi ne, ƙwayoyin launin suna shanye wani ɓangare na hasken rana da idonmu ba ya gani, su mayar da shi haske da ake gani. Shi ya sa yake zama kamar an kunna shi. Fim ɗin kyamara da talabijin na wancan lokaci ba sa iya ɗaukar wannan ƙarfi, sai su danne shi ya fito ja. Wannan ɗin ma ake so: a talabijin ya fito ja mai rai, domin ja na yau da kullum yakan yi duhu a allo. Fuskar wayarka ta yanzu ma ba za ta iya nuna shi daidai ba.

Ka gwada da kanka. Ɗauki robar nan da ka fesa ka fita da ita rana, ka ɗauke ta hoto, sannan ka riƙe wayar kusa da robar. Za ka ga na hoton ya fi na hannunka ja.

Bambancin da ka gani tsakanin hotuna kuwa dalilansa da yawa. Wani an ɗauka cikin hadari, kamar tseren Silverstone a Ingila na shekarar da aka yi cikin ruwan sama, wani cikin rana tsaka. Wani daga tsohuwar mujalla aka kwafo shi bayan takardar ta sha iska. Ko hoton motar da ke ajiye a gidan tarihi ba hujja ba ce ɗari bisa ɗari, don irin wannan fenti yana koɗewa da sauri, kuma akan sake wa tsofaffin motoci fenti.

Kawu Mai Fenti:

Ɗana, ni ban san tseren Turawa ba, amma fentin mota shi ne abincina tun kafin a haifi da yawanku, kuma jikana na haɗa irin waɗannan motoci a gabana. Bari in tambaye ka: robar da ka fesa, wane launi ce? In ba farar shimfiɗa ka yi mata ba tukuna, to ba ka ga launin gwangwanin ba har yanzu.

Wannan jinsin fenti ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Haske yana ratsa shi ya daki ƙasa ya dawo. A kan fari tas sai ya haska, a kan ruwan toka sai ya mutu ya zama ruwan ƙasa-ƙasa. Kuma kowane zagaye da ka ƙara yana sauya shi. Zagayen farko ruwan hoda za ka gani, kada gabanka ya faɗi. Na biyu ya koma wajen ruwan lemo. Sai a na uku ko na huɗu yake cika ya nufi ja. Ina zaton feshi ɗaya ka yi ka tsorata.

Je ka sayi farin cokalin roba, irin wanda ake sakawa a ledar abincin biki. Duba bayansa, in ka ga PS ko lamba 6 cikin alamar nan mai kusurwa uku, to robarsa ɗaya da ta motarka. Bayan cokali yana da tudu da gangara, zai nuna maka yadda launi ke kwanciya a kwana, abin da shafaffen abu ba zai nuna ba. Yi wa kowanne farin da za ka yi wa motar, ya bushe, sannan jan: wannan zagaye biyu, wancan uku, wancan huɗu. Rubuta a mariƙin kowanne. Cokali ba ya cin fenti, ba zai ƙarar maka da gwangwani ba. Kada ka yanke hukunci a ƙarƙashin ƙwan ɗaki. Mu a gareji ba ma karɓar haɗin launi sai mun fito da shi waje, da hantsi, a inuwa sannan a rana. Launuka biyu za su yi daidai a ƙarƙashin fitila, a fito da su rana su rabu.

Maganar kai hoto wurin masu haɗa fenti, ban ba ka shawara ba. Na ɗaya, da hoton waya ba a haɗa launi, sai da abin da aka fesa a hannu. Na biyu, jan da muke haɗawa daga ja da ruwan ɗorawa da fari ba zai taɓa ba da wannan ƙyallin ba, ƙwayar launin daban ce. Na uku, tinar fentin mota, wato ruwan da ake tsarma fenti da shi, tana da zafi, in ta sauka kan wannan roba tsirara sai ta cinye fuskarta ta yamutse. Fentin da ake zuba wa sinadarin da ke sa shi tauri kuwa guba ne ga huhu, ba abin fesawa a ɗakin kwana ba ne.

Na Damagaram:

Sannunku da aiki. Ni dai ra'ayina ya sha bamban, ku yi haƙuri.

Na haɗa ƙanwar wannan mota, MP4/5 ta 1989, kuma da gangan na yi mata TS-49, ja mai haske na yau da kullum. Ban taɓa tsayawa a bakin titin tseren Suzuka na Japan ba, kuma yawancinmu nan haka ne. McLaren ɗin da na sani ta talabijin ce, ja da fari. In na ɗaga kai na ga abu ruwan lemo a kan kanta, zuciyata ba za ta ce min wannan motar Senna ba ce. Duk baƙon da ya shigo ya gan ta yana gane ta nan take.

Sannan akwai batun girma. Motar gaske daga nesa ake kallonta, iska da ƙura na rage wa launi kaifi. Ƙaramar mota a tafin hannu, in ka zuba mata launi da cikakken ƙarfinsa, sai ta yi kama da abin wasan yara. Ga kuma koɗewa da Bazazzagi ya ambata. A ranar ƙasarmu, wane tabbaci gare ka cewa bayan 'yan shekaru ba za ta dawo fari-fari ba?

Bazazzagi:

Na Damagaram, maganarka ta koɗewa gaskiya ce, maganinta a ajiye motar nesa da taga, cikin akwatin gilashi ko kabad. Batun rage kaifin launi kuma ya fi shafar jiragen yaƙi na awon 1/72 da jiragen ruwa. A 1/20, kallon motar daga nisan rabin mita daidai yake da kallon ta gaske daga mita 10, iskar da ke tsakani ba ta kai ta canza komai ba. Amma ban ce ka yi laifi ba. Kai motar da ke cikin talabijin ka haɗa, shi kuma sai ya zaɓi wadda yake so.

Ɗan Fagge:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Kawu, kun yi gaskiya, feshi ɗaya na yi, kuma ba shimfiɗa.

Na bi yadda kuka ce. Cokulan suna jere a kan katangar soro tun safe. Mai zagaye biyu har yanzu akwai ruwan hoda a tudunsa, gefensa ne kawai ya ɗan cika inda fenti ya taru. Mai huɗu ya yi ja sosai amma ya yi kauri, ƙyallin ya ragu, kuma na san a jikin mota zai cike min layukan ƙofofin inji. Mai uku shi ne ya tsayar da ni. A inuwa ja ne mai ɗan ruwan lemo, ina matsar da shi rana sai ya kama kamar wuta ke fitowa daga cikin robar. Na ɗauke shi hoto kamar yadda Bazazzagi ya ce, na ajiye kusa da hoton Senna a Suzuka, ranar da ya ci kambunsa na farko na zakaran duniya. A fuskar waya kusan ba ka raba su. Cokalin da ke hannuna kuwa launinsa daban da duka hotunan biyu. Na daɗe a tsaye ina jujjuya shi.

Yaya Na Damagaram, na fahimce ka ƙwarai, domin ni ma ta talabijin na san motar nan. Amma abin da ya sa nake ɓata dare ina manna wayoyin inji da ba wanda zai gani in an rufe murfi, shi ne ina son in san yadda abin yake a gaske. Makanikan da suka tura motar nan daga gareji, wannan launin suka gani, shi Senna ya gani a hancin motar yana zaune a ciki. Tunda ba zan taɓa ganinta tana gudu ba, ina son ko launinta ya zo ɗakina yadda yake. TS-36 zan fesa, zagaye uku.

Saura abu biyu. Yaya zan raba farin da jan layin ya fita tsaf? Kuma na ji ana cewa jan yakan tsiyaya cikin farin in an fesa fentin ƙyalli marar launi a sama. Haka ne?

Kawu Mai Fenti:

Haka ne, yana faruwa, kuma gaggawa ce ke kawo shi.

Fara da fari a jikin motar duka, har inda ja zai hau. Ka tabbata TS-26 ɗin ne, jikana ya nuna min akwai wani farin nasu TS-7 mai ɗan ruwan madara, wannan zai sauya maka jan. Bar shi ya bushe sosai, kwanaki, ba sa'o'i ba. In ka kai hanci kana jin warin tina, bai yi ba. Sannan ka rufe inda zai zauna fari da salatif na masu fenti, ba na kanti mai danƙo ba. Yanka shi siriri don ya bi kwana, ka danne bakinsa da tsinken sakace. Kafin ja, sake fesa farin nan sama-sama a bakin salatif ɗin. In akwai kafar da fenti zai kutsa, farin ne zai shiga ya toshe ta, fari a kan fari ba ya nunawa.

Jan kuwa, ka ajiye cokalinka mai zagaye uku a gefe kana gwadawa. Murfin inji da hanci da fikafikai ka jera su ka fesa a zama ɗaya, adadin zagaye ɗaya, nisa ɗaya, kamar taƙin hannu guda daga bakin gwangwani. In ka yi wannan yau wancan gobe, ranar haɗawa za ka ga ja iri biyu. Cire salatif kafin fentin ya yi tauri gaba ɗaya, ka ja shi baya a hankali.

Fentin ƙyallin da kake tsoro, in TS-13 ne, yana da zafi. In ka zuba shi jiƙe-jiƙe tashin farko zai narkar da fuskar jan ya janyo shi cikin fari, kuma yana iya ƙona sitikar lamba da rubuce-rubuce. Ka fara da hazo-hazo daga nesa, ka bari ya sha iska, ka sake, sai daga baya ka yi mai kauri. Wannan ma gwada shi a cokali: rabi fari, rabi ja, ka manna ragowar sitika da ba ka buƙata, kamar lamba 11 ta Prost, ka fesa ka gani.

Yanzu hunturu ne, ƙura ita ce abokiyar gabarka. Yayyafa ruwa a ƙasan inda za ka yi aiki, ka ɗumama gwangwanin a ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, ba a kan wuta ba, ka girgiza shi sosai. Kana gama feshi ka kifa wa motar babbar roba mai tsabta, ka ɗan ɗaga gefe ɗaya da tsinke don tina ta samu hanyar fita. Ka sa abin rufe hanci, kuma a waje za ka yi, ba cikin ɗaki ba.