Baƙuwa ta zo Kano: a kai ta Jakara ko Zoo Road?

Maman Walid: Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanwar maigidana za ta zo daga Damagaram, ina so in zagaya da ita ta ɗanɗani abincin Kano. Abba ya ce kada in wahalar da ita cikin gari, wai yanzu duk abincin kirki ya koma Zoo Road da Nasarawa. Ni dai maganar ba ta kwanta min ba.

Abba: Anti, haka na faɗa kuma ina nan a kai. Baƙuwa ce fa. A Zoo Road za ta zauna a kujera, ga sanyi, ga wurin wanke hannu, ta ci shinkafa da kaza ko shawarma, ta bi da ayis kirim. A cikin gari kuwa ko wurin ajiye mota sai an sha fama.

Kawu Ɗanlami: Abba, shawarma ce za ka nuna wa mutumin Damagaram a matsayin abincin Kano? Ai ita ma tana samunta a garinsu. Abin da ba za ta samu kamar namu ba shi ne gurasar Jakara. Ka taɓa tsayawa ka ga yadda matan nan ke manna ƙullin a jikin tanderu da hannu, wuta na huci, su ciro ta da zafinta, ƙasanta ya ɗan ƙone? A yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir a kai. Bandashe ke nan. Idan da tsire a gefe, to magana ta ƙare.

Abba: Kawu, ba na musun daɗinta. Tsabta nake magana. Kowa ya san yadda kwatar Jakara take, musamman da damina.

Yaya Nura: A nan Abba yana da gaskiya, kada mu rufe ido. Amma gurasa daga wuta take fitowa, ba ita ce abin tsoro ba. Abin lura shi ne ruwan da ake yayyafawa da kayan lambun da aka yanka tun safe suna zaune a buɗe. Ni abin da nake yi, in sayi gurasar da ƙulin, in zo gida a haɗa min. Kuma kada a ɗauka duk inda aka sa gilashi da na'urar sanyi tsabta ce. Ba wanda ke ganin kicin ɗinsu. Mai gurasa kuwa a gaban idonka take komai.

Anti Rabi: Ku duk kun tsaya kan gurasa kun bar kayan zaƙi, kuma nan ne maganar Abba ta fi ba ni haushi. Yaran yanzu sun san kek da donat, amma ka tambaye su nakiya su tsaya suna kallonka. Alkaki na gaske sai an ɓarza alkama, an kwaɓa, an bar ta ta kwana ta yi tsami, sannan a naɗa a soya, a tsoma cikin zuma ko sukarin da aka dafa da tsamiya. Ka gutsura ka ji tsami da zaƙi sun haɗu. Wannan ba a shagon gilashi ake samunsa ba, sai a gidajen matan da ke yi wa amare kayan gara, su alkaki da dubulan da nakiya. Sallama za ka yi a zaure a fito maka da shi a kwano.

Abba: Anti Rabi, ai yanzu shagunan ma suna sayar da alkaki da tuwon madara da gullisuwa a roba, an rufe da kyau.

Anti Rabi: Suna sayarwa, amma wa ke yi musu? Matan nan dai na cikin gari. Su saya a hannunsu, su liƙa takarda, su ninka kuɗin. Kuma sau da yawa ya daɗe a kan kanta har man ya fara wari.

Kawu Ɗanlami: Kuma a duba wanda ya fi daɗewa. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci. Shoprite da aka buɗe a Ado Bayero Mall a 2014, kowa na rububi, a farkon 2024 ya rufe. A shekarar 2024 ɗin dai matan gurasa suka fito zanga-zanga saboda tsadar fulawa, wasu har sun dakatar da aiki, amma sana'ar ba ta mutu ba. Idan mu 'yan gari muka daina kai musu ciniki, wa zai kai?

Yaya Nura: Kawu, ni ma ina son su, sai dai ba na so mu mayar da shi kamar wanda ya ci a Zoo Road ya yi laifi. 'Yan Labanan sun daɗe a garin nan, har titin Beirut muke da shi, abincinsu ma ya shiga cikin na Kano. Matasa da yawa kuma a gidajen abincin nan suke samun na kansu.

Abba: To ai abin da nake faɗa ke nan, Yaya.

Yaya Nura: A'a, kai cewa ka yi abincin kirki ya bar cikin gari. Wannan ban yarda ba. Je ka Agadasawa ka sayi kilishi, ka zo ka nuna min irinsa a Nasarawa.

Anti Rabi: Kilishin kuma kada a ba 'yar Nijar da alfahari, su ma gwanaye ne a kansa. Alkaki dai za a cika mata leda da shi. Akwai wata baiwar Allah a Yakasai da ke yi da zuma zalla, amma sai an sanar da ita da kwana biyu.

Abba: Ni har yanzu ina ganin a fara da Zoo Road.

Kawu Ɗanlami: Da safe ake samun gurasa mai zafi, Abba. Zoo Road kuwa har dare suna buɗe.